Autanmu ya kwanta a Abijan, amai da zawo: ina neman shawara

Yayan Auta, Tawa: Assalamu alaikum jama'ar Adar. Ina neman shawara cikin gaggawa. Autanmu ya tafi Abijan bida, wannan ce fitarsa ta farko, yau kwanansa 9 da sauka unguwar Ajame. Shekaranjiya da dare ya ci shinkafa da miya kusa da tasha, kafin asuba ya fara amai, da gari ya waye zawo ya biyo baya. Waɗanda suke ɗaki ɗaya sun ce canjin ruwa ne, kowa da haka ya fara, suka saya mishi Flagyl da kafson nan ja da rawaya. Ɗazu na kira shi, muryarsa ta shige ciki, da ƙyar nake jin abin da yake faɗi. Inna ba ta sani ba tukuna. Me zan ce su yi mishi?

Majo, Yamai: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Sake kiransu yanzu ka tambaya mini: yaushe rabonsa da fitsari? Akwai jini ko majina a bayan gidan? Jikinsa da zafi? In ya sha ruwa yana zama, ko dawowa yake yi? Kafin ka kawo amsa, su tura yaro farmasi ya ce a ba shi SRO, garin gishiri da sukari ne a ƙaramar leda, kowace farmasi ta san shi. A duba jikin ledar, yawanci ɗaya ta lita 1 ce. A zuba cikin ruwan kwalba ko ruwan da aka tafasa ya huce. Kada ya ɗaga kofi ya shanye, kurɓi-kurɓi zai riƙa yi. In ya amayar, a jira minti 10 a ci gaba a hankali.

Baba Alhaji, Ilela: Ɗana kwantar da hankalinka. Shekara talatin da wani abu ina tahiya Kodebuwa, ban ga baƙon da cikinai bai juya ba. Ruwan can daban, namu daban. Mu abin da iyayenmu suka koya muna, in ka sauka baƙon gari ka fara cin albasar garin. Tunda ya riga ya kama shi, a jiƙa mishi garin kuka shi sha, kuma a rage mishi ruwa. Ruwa shi ka ƙara gudun cikin.

Majo, Yamai: Baba, Allah ya ƙara girma. Kuka ba ta da laifi in da ruwa mai tsabta aka dama ta. Amma maganar rage ruwa, ku yi mini haƙuri, a nan ne muke rasa mutane. Ba yawan zagayawa ke kashe mai zawo ba, ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa ne. In an hana shi sha, zawon bai tsaya ba, daga jininsa da naman jikinsa yake ci gaba da ja, har ƙoda ta tsaya.

Yayan Auta, Tawa: Na same su. Ba jini. Jikinsa da ɗan zafi. Amai ya ragu amma har yanzu in ya sha da yawa yana dawowa. Fitsari sun ce tun jiya da isha'i bai yi ba. Sun ce idanunsa sun faɗa.

Majo, Yamai: To wannan ya wuce jinyar ɗaki. Yanzu azahar ta wuce, ka lissafa awa nawa ke nan ba fitsari. A kai shi asibiti mafi kusa yanzu-yanzu, yana kurɓar SRO a hanya. Mai yiwuwa su sa mishi ruwa ta jijiya. Su roƙa a yi mishi gwajin zazzaɓin cizon sauro, domin shi ma yana zuwa da amai da zawo, kuma Abijan ba ta rabuwa da sauro. Su tafi da kwalayen maganin da ya sha likita ya gani.

Yayan Auta, Tawa: Suna jin tsoron kuɗi. Yaron bai fara aiki ba, abin da ya je da shi ya kusa ƙarewa.

Mai Garba, Abijan: Ɗan'uwa turo mini lambar ɗaya daga cikinsu ta gefe. Ina Abobo, ba nisa, yarona zai riƙe mini teburi. Maganar kuɗi a bar ta sai ya tashi.

Hajiya Mai Atamfa, Tawa: Allah ya saka maka da alheri, ɗana. Ni ma na sa jika biyar, a faɗa mini inda zan aika. Wannan shinkafar ta tuna mini da Mina. Shekarar da na sauke farali, an kawo muna abinci da rana, zafi ya hana mu ci, muka ɗaure shi a leda muka tura ƙarƙashin jaka. Bayan isha'i muka buɗe. Ko tsami bai yi ba, wallahi ƙamshinsa na nan. Mu shida muka ci, kafin tsakar dare biyar suna amai. Wata tsohuwa daga wajen Keita sai da aka ɗauke ta a kujerar marasa lafiya. Har yau in na ga mata suna ƙulle ragowar shinkafa a tafiya sai na yi magana, ko an ce na cika surutu.

Majo, Yamai: Hajiya kin taɓo wuri mai muhimmanci. Akwai ƙwayar cutar da ke zama a ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta kashe irinta. In dafaffiyar ta daɗe a ajiye cikin ɗumi, sai ta farka ta zuba guba a ciki. Gubar nan ko an sake ɗumama abincin ba ta mutuwa, kuma ba ta canza wari ko ɗanɗano. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Ku auna da zafin Mina, ko ma na Tawa a watan Afrilu.

Lokacin da ciwon ya taso yana ba da labari. Amai mai ƙarfi cikin awa 1 zuwa 6 bayan cin abinci, galibi irin wannan gubar ce, ta shinkafa ko ta abincin da hannu ya jagwalgwala, kuma takan wuce cikin yini guda. Zawon da ya zo bayan kwana ɗaya zuwa uku da murɗar ciki, wannan ƙwayoyin ne da kansu suka shiga hanji, yawanci yakan lafa cikin kwana 3 zuwa 5. Wanda ya dawo gida da mako ɗaya ko biyu sannan ciki ya fara kumburi, gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, zawo yana tafiya yana dawowa, nan ne ake tunanin irin ƙwayar da Flagyl ke kashewa, bayan an gwada bayan gida. Taifot kuma zazzaɓi ne mai hawa a hankali, yakan ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin ya bayyana, wani ma ba zawo yake yi ba, cikinsa ɗaurewa yake.

Ɗan Ƙonni: Majo ban yarda da kai ba a kan Flagyl. Ni duk lokacin da cikina ya ɓaci a Sakkwato ko Kano, biyu nake haɗiya, washegari garau. Shekara nawa ina haka. In ba ya aiki ta yaya nake warkewa?

Majo, Yamai: Domin da ka sha da ba ka sha ba, washegari ko jibi za ka warke. Mafi yawan zawon matafiya da kansa yake wucewa. Flagyl yana da aikinsa, atuni na amiba da wannan mai kumburin da na faɗa, amma ba ya taɓa ƙwayoyin da suka fi kama baƙo. Abin da yake ƙara wa mai amai shi ne tashin zuciya da ɗacin baki, sai ya ƙi shan ruwan da shi ne maganinsa. Ka duba yaron nan, kwana biyu yana haɗiyar ƙwaya, ba wanda ya tambaye shi fitsari.

Ɗan Ƙonni: Na ji, amma kai ma ka san ba kowa ke da likita a aljihu ba. Mutum yana bakin iyaka, dare ya yi, mai tallan magani a faranti kaɗai ke gabansa.

Majo, Yamai: Gaskiyarka. To mai shayi ma yana gabansa, yana da sukari, gishiri da ruwan da ya tafasa. Lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, ba a tula ba, da rabin cokalin na gishiri. In babu ma'auni, ledar ruwa biyu masu rabin lita su ne lita. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Abin da ya kwana ya yini, awa 24, a zubar a haɗa sabo. Hikimar ita ce sukari ke jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi gishirin, ko da zawon bai tsaya ba. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira, ruwan jijiya ya ƙare. Wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama wannan haɗin a ganguna, dangi suna ba marasa lafiya da kofi. Mutuwa ta sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa bai kai ba.

Direba, hanyar Agadas: Ku masu zama ofis kuna da sauƙin magana. Bas na ɗauke da mutum saba'in, mun baro Abalak, hanya ta lalace, wani wurin ma ba a son a tsaya. Fasinja ya zo ya ce direba ciki. Na tsaya sau ɗaya, sau biyu, na uku jama'a sun fara zagi. Ni ina aje ƙwayar nan mai ɗaure ciki a gaban mota, kuma ba zan daina ba. Na taɓa ganin dattijo ya ɓata tufafinsa a kujera, ya rufe fuska da rawani har muka isa. Ban son in sake ganin haka.

Majo, Yamai: Ban ce ka daina ba. Loperamide kake nufi, wasu sun san shi da Imodium. Ga babban mutum mai zawon ruwa, ba jini, ba zazzaɓi, kuma tafiya ta matsa, yana da amfani ya kai shi masauki da mutuncinsa. Sai dai ba ya kashe komai, hanji kawai yake rage wa motsi. In akwai jini ko zafin jiki, ka kulle ɓarawo ne cikin ɗaki. Kada ya wuce kwana biyu, kuma don Allah kada ka ba yaro ƙarami ko uwarsa ta roƙe ka. Ka aje ledar SRO kamar goma kusa da shi, duk wanda ka ba ɗaya ka haɗa mishi da ɗayan.

Direba, hanyar Agadas: Wannan na ɗauka. Abin da ya fi damuna ma masu wucewa Arlit zuwa Tamanrasat, ko masu bin Dirku zuwa Sabha. Jarkar da aka zuba mai jiya ita ake ɗauraye ta a cika da ruwan rijiya. Mutum goma baki ɗaya a jarka. Zawo ya kama ka can, ruwan kowa ƙidaye yake.

Majo, Yamai: Su nemi ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs tun daga Tawa ko Agadas. Ba ta da nauyi. A karanta lita nawa ƙwaya ɗaya ke ɗauka domin girmansu ya bambanta, a jefa, a jira minti 30. In ruwan ya yi dauɗa a fara tace shi da ƙyalle. Inda akwai wuta, ya tafasa sosai na minti 1 ya isa.

Maman 'Yan Biyu, Yamai: Ni tambayata kan yara ce. Bara na je Kwatano sarin kaya da ƙaramina yana wata 8. Zawo ya kama shi, matan masaukin suka ce in daina ba shi nono, wai nonona ya yi zafi saboda tafiya. Zuciyata ba ta yarda ba, na ci gaba da ba shi. Amma kwana biyu ina kuka ina tunanin ko ni ke cutar da shi.

Majo, Yamai: Kin yi daidai, 'yar'uwa. Nono ba a tsayar da shi, ƙarawa ake yi. A haɗa da SRO da cokali bayan kowane zawo, da zinki kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a rana, jaririn da bai kai wata 6 ba miligiram 10. Ko zawon ya tsaya a ƙarasa zinkin. Yaro ba ya da ajiyar ruwa kamar babba. In ya ƙi kama nono, ko maɗigarsa ta faɗa, ko yana kuka ba hawaye, ko barci ya yi mishi nauyi, ba a jiran gari ya waye. Haka mai ciki da tsoho. Masu shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari kuma su tambayi likitansu tun kafin tafiya abin da za su yi da ƙwayoyinsu in zawo ya kama su, wasunsu suna wahalar da ƙoda in jiki ya bushe.

Mai Garba, Abijan: Mun iso, sun karɓe shi, an sa mishi ruwa. An ɗebi jini. Ina zaune a benci ina karanta abin da kuka rubuta, bari in ce wani abu a madadin masu sayar da abinci, tunda sana'ata ce shekara 14, kuma mutanen nan da sunan 'yan ƙasarmu suke kiran abincin, wato garba: acake (dambun rogo) da soyayyen kifi. Kada baƙo ya ɗauka abincin titi duka guba ne, na babban otal kuma lafiya. Kifin da na tsamo daga mai yana ƙuna a gabanka ba zai yi maka komai ba. Inda matsalar take: albasa da tumatir da barkonon da aka yanka tun safe, hannun da ya karɓi kuɗi ya koma cikin acake, da kwanon wanke hannu guda da mutum ashirin suka tsoma. Ni buta nake ajewa da sabulu, a zuba maka ruwa ya zube ƙasa. Sabon zuwa in ya zo wurina nakan ce makon farko ka ci da zafinsa, ka bar ɗanyen haɗin. Ka je inda layi yake, tukunyar da ake rububi ba ta kwana. Shinkafar ƙarfe goma na dare a bakin tasha kuwa, tun rana aka sauke ta.

Sannan ƙanƙara. Yaranmu suna sayen ruwan kwalba, sai su sha bisab, wato zoɓo, ko lemon citta da aka jefa wa ƙanƙarar da ba su san ruwanta ba.

Alhaji Ƙarami, Yamai: Haka ya faru da ni a Indiya da na raka mahaifina asibiti. Ina kiyaye ruwa sosai, ashe yankakken gwanda da ake sayarwa a ƙofa ne ya kama ni. Na sha cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da na taho da shi daga gida, kwana uku ba sauƙi, ga zazzaɓi. Sai da likitan can ya canza mini wani.

Majo, Yamai: A Indiya da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya ƙwayoyi da yawa sun daina jin cipro, shi ya sa likitoci suka fi komawa azitromisin a can. Yawan shan maganin ba bisa ƙa'ida ba ne ya kawo haka, kuma hanyar da muke bi ke nan da kafson faranti. 'Ya'yan itace, wanda ka ɓare da hannunka: ayaba, lemo, mangwaro.

Abu ɗaya da ban faɗa ba. In zawo ya zo fari kamar ruwan wankin shinkafa, yana zuba ba ƙaƙƙautawa, a ɗauka kwalara ce har sai an tabbatar ba ita ba. Tana iya kashe ƙato cikin awoyi. Mun gan ta a 2021 a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram, ba sai an ƙetare iyaka ba.

Baba Alhaji, Ilela: Majo na karanta duka, jikana ya karanta mini inda idona bai kai ba. Amma amsa mini wannan. In ba canjin ruwa ba ne, don mi ɗan gari shi ci abinci ɗaya da baƙo, baƙo shi kwanta, ɗan gari shina yawonai?

Majo, Yamai: Baba abin da kuka lura da shi gaskiya ne, sunan ne kawai muka bambanta. Kowane gari da irin ƙwayoyin da ke yawo a ruwansa da abincinsa. Ɗan gari ya sha fama da su tun yana yaro, jikinsa ya san su. Baƙo bai san su ba. Shi ya sa wanda ya shekara biyar a Faransa ko Aljeriya in ya dawo Tawa ya sha furar da ya tashi da ita, shi ma cikinsa kan juya. Da ruwan ne kansa, tafasawa ba za ta hana ba, amma tana hanawa. Gubar shinkafar da ta kwana kuwa ba ta san ɗan gari ba, kowa take kayarwa.

Baba Alhaji, Ilela: To. Akwai abin da ban taɓa faɗi ma kowa ba sai uwar ɗiyana. Tahiyata ta uku, muna cikin babbar mota mu da wani yaro na garinmu, ɗan maƙwabcinmu, sa'an wannan auta. Zawo ya kama shi tun kahin mu shiga Bobo. Shina roƙon ruwa, mu manya muna hana shi, don muna ganin taimakonai mukai. Ni da hannuna na ɗauke gorar daga gabanai. Bai kai Abijan ba. Na dawo na ce ma uwatai ajali, kuma ajali ne, amma yau na gane abin da na ɗauke mishi. Allah ya gafarta muna. Ɗana, ka share maganata ta farko, kada wani shi karanta ta shi bi.

Malam, Madawa: Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Baba kun yi da niyyar alheri, da iyakar sanin da ke akwai a lokacin, Allah kuma yana duba niyya. Tunda an zo nan, in ƙara da masu zuwa Umra da azumi: aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba mara lafiya da matafiyi damar su sha su rama. Na ga masu zawo suna dagewa da azumi a Makka har su faɗi. Karɓar sauƙin da Allah ya bayar ba raunin imani ba ne.

Hajiya Mai Atamfa, Tawa: Amin Malam. Baba kun sa ni hawaye.

Mai Garba, Abijan: Alhamdu lillahi. Leda biyu ta ruwa ta shiga, ya yi fitsari, ya buɗe ido ya tambayi wayarsa. Gwajin sauro bai nuna komai ba. Likita ta karɓe kafson ta ce kada ya ƙara sha, ta rubuta SRO, ta ce in jini ya fito ko zazzaɓi ya tashi a dawo da shi. Zan tafi da shi wurina ya kwana biyu, matata za ta dama mishi koko.

Majo, Yamai: Madalla. Kada a hana shi abinci. Koko, farar shinkafa sabuwar dahuwa, ayaba, romo mai ɗan gishiri, kaɗan-kaɗan. Mai da yaji su jira. Kofi guda na SRO bayan kowace zagayawa har ta tsaya, kuma ya riƙa wanke hannu da sabulu saboda yaran gidan.

Yayan Auta, Tawa: Na yi magana da shi, muryarsa ta dawo. Yanzu zan shiga in faɗa wa Inna. Mai Garba, Hajiya, ban san da bakin da zan gode muku ba, Allah ya biya ku. Baba, ba zan share maganarku ba sai in kun matsa, ina so a karanta ta tare da ta ƙarshen. Majo, akwai yara huɗu na unguwarmu da za su tashi bayan an gama girbin hatsi, biyu Abijan, biyu Libiya. Leda nawa zan saya wa kowane?

Majo, Yamai: Na Abijan biyar-biyar ta isa, akwai farmasi ko'ina. Na Libiya goma-goma, da ƙwayar tsabtace ruwa da sabulu. Ranar Juma'a ta sama ina Tawa wajen suna, tara mini su bayan la'asar, ka tanadi kwalbar lita da ƙaramin cokali, kowannensu ya haɗa da hannunsa a gabana.